Abin da na gani a asibitin ƙauyenmu

Na raka ƙanwata asibitin ƙauyenmu da yaronta, ranar awon yara ce. Ana ɗaura musu igiyar awo mai launuka a damtse, duk wanda ya gaza santimita 11.5 ya faɗa ja, tamowa mai tsanani ke nan. Wallahi jan ya yi yawa.

Wata yarinya ta tsaya min a rai. Ƙafafu a kumbure, gashi ya yi ja ya kwanta, ko kuka ba ta iya yi sosai. Uwar ta yi rurrutsa, sai aka yaye ta rana ɗaya aka kai wa kaka, wai nonon ciki guba ne. Daga nan sai kunu tsura safe da yamma, ga ruwan rijiya marar murfi, gudawa ta biyo baya, ƙyanda ta ƙarasa.

Talauci na nan, musamman tsakiyar damina da rumbu ya ƙare. Amma fa gidan su yarinyar nan akwai kaji, ƙwai sai kasuwa, wai yaro in ya ci zai yi sata. Zogale a bayan ɗaki, ƙuli-ƙuli ana sayarwa. Maigida kuma shi ke cin tsokar miya.

Allah Ya ba ta lafiya, an tura su babban asibiti.