Abin da jakin babanmu bai koya mini ba

Ni ɗan gidan masu jakuna ne. Tun ina ɗan shekara tara nake bin babanmu kai taki gona da bazara, kafin in gama firamare kuwa na iya ɗaura akumari, in cika mangala, in kora jaki uku ni kaɗai har fadama. Raƙumi ma ba baƙona ba ne, don duk kaka Buzaye na yada zango a bayan garinmu, mu yara mu kewaye su muna kallon yadda ake gurfanar da amale a labta masa buhunan gero. Na faɗi wannan ne don ku san irin girman kan da na isa ƙasar Peru da shi, lokacin da aiki ya kai ni wani kwas na noman dankalin turawa. Da muka samu hutun mako guda a watan Yuni, abokan kwas suka ce mu hau duwatsun Andis da ƙafa, tafiyar kwana uku a yankin Lares, arewa da birnin Kusko. Aka ce lamomi ne za su ɗauki tantuna da abinci. Na ce a raina, ai wannan fagena ne.

Ga wanda bai taɓa ganinta ba, lama 'yar'uwar raƙumi ce, sai dai ba ta da tozo, kuma tsayinta har kai bai wuce na dogon namiji ba. Wuya dogo, leɓen sama a tsage, kunnuwa a lanƙwashe kamar ayaba, ga gashi mai kauri. Babba kan kai kilo 130 zuwa 200. Mutanen Andis sun yi kiwonta fiye da shekara dubu huɗu, kuma ita ce kaɗai dabbar dako da daular Inka ta mallaka, don babu doki ko jaki a ƙasar sai da Sifaniyawa suka shigo a 1532. Hanyoyin Inka, waɗanda tsawonsu ya kai wajen kilomita 30,000, an yi su ne don ƙafar mutum da ta lama, shi ya sa za ka ga matakalar dutse a inda doki zai sha wahala. Duk wannan na karanta shi kafin mu tashi. Karatun bai hana ni komai ba.

Kuskurena na farko a Kusko na yi shi, tun kafin in ga ƙeyar lama ko ɗaya. Ɗan jagoranmu ya ce kowa ya ware kilo bakwai kacal da za a ɗora wa dabbobi, sauran ya bari a masauki. Ni kuwa tsoron naman da ban san yankansa ba ya sa na shiga kasuwa na sayo gwangwanin kifi goma sha biyu. Na haɗa da garin kwaki da sukari da na taho da su daga gida, da bargo, da buta, da takalma na biyu, da littattafai biyu da ban buɗe ko ɗaya ba har muka dawo. Ban auna ba. Na ɗaga jakar da hannu ɗaya na ce, wannan ai ko ɗan jaki ya raina ta. Ƙannena, duk wanda zai yi tafiyar da wata dabba ko wani mutum zai ɗaukar masa kaya, ya nemi sikeli. Hannunka yana yi maka ƙarya, musamman in kayan naka ne, kana son kowane.

Da asuba muka tarar da mai lamomin a bakin hanya, wani dattijo gajere mai jar hula ta saƙa, ba ya jin komai sai Kechuwa da ɗan Sifaniyanci. Lamominsa tara, duka maza ne dandaƙaƙƙu, don a can ba a saba ɗora wa mata kaya ba, kuma ba a fara ɗora wa namiji sai ƙashinsa ya ƙosa, wajen shekara uku zuwa huɗu. Kowanne an huda masa kunne an zura zaren ulu mai launi, na gaba kuma da 'yar ƙararrawa a wuya.

Na tsaya ina kallon yadda yake ɗaurin kaya. Babu akumari, babu sirdi. Buhu ne na saƙar gashin lama mai ratsi-ratsi, sai ya zuba kaya ya girgiza shi har nauyin ya rabu gida biyu, ya ɗora shi a gadon bayan dabbar, rabi nan rabi can, sannan ya zagaya da igiyar da ita ma da gashin lama aka tufka ta. Kafin ya ɗora kowane buhu sai ya riƙe shi a tsakiya ya ɗaga, ya rufe ido kamar mai sauraren wani abu, ya cire wata 'yar tukunya daga wannan gefe ya mayar wancan. Ni a lokacin gani nake ɓata lokaci ne kawai. A gida in mangala ta karkata, dutse muke sa wa a ɗaya ɓarin, a wuce wurin.

Da ya zo kan jakata ya ɗaga, sai ya ajiye ya girgiza kai. Ɗan jagora ya fassara mini: a rage. Na yi kamar na rage, na zare bargon, ya ɗaure wa wani farin lama mai baƙin tabo a wuya. Da hankalinsa ya koma kan tantuna sai na zagaya na cusa ledar gwangwanayen a ɓarin hagu na buhun, na ja igiya. Har da murmushina.

Lissafin da ban yi ba shi ne wannan. Lama na ɗaukar kamar kilo 25 zuwa 35 ga mafi yawansu, kuma ta yi tafiyar kilomita goma ko ɗan fiye a yini. Abin da raƙumi ɗaya zai ɗauka sai lama biyar ko shida sun raba. Dattijon ya riga ya cika wa farin nan ma'auninsa daidai, ni kuma na ƙara masa, kuma duk a gefe ɗaya. Jaki in ka zalunce shi haka zai yi ta tafiya yana haƙuri har bayansa ya yi gyambo, shi ya sa muka tashi muna zaton dabbar dako ba ta da iyaka. Lama ba ta da wannan haƙurin, kuma yanzu ina ganin ita ce mai gaskiya.

Mun yi kamar awa biyu muna hawa, sai farin ya fara wani gunaguni a maƙoshi, kamar mutum na gyaɗa kai yana cewa uhm, uhm. Ya riƙa zama na ƙarshe a ayari. Sai buhun ya fara zamewa hagu. A wata kwana mai duwatsu, dattijon yana can gaba, farin ya lanƙwashe ƙafafun gaba, ya biyo da na baya, ya gurfana a tsakiyar hanya irin gurfanar raƙumi, ya miƙe wuya yana kallon wani wuri daban kamar bai san da ni ba.

Nan ne ɗan gidan masu jakuna ya motsa. Na yi masa tsawa da Hausa. Na tura shi ta baya da gwiwa. Na tsinko wani ɗan itace na ɗaɗa masa a cinya. Da bai motsa ba sai na zagayo gaba na kama gashin wuyansa da hannu ɗaya, ɗayan kuma na kai kan kunnensa zan murɗa, yadda muke yi wa jaki mai taurin kai. Na ga kunnuwan sun kwanta baya sun manne da ƙeya. Na ga ya ɗaga haɓa sama. Na ji wani abu na gurguro yana hawowa ta dogon wuyan nan, har ina ganin tafiyarsa a ƙarƙashin fata. Duk alamun nan uku ya ba ni, ɗaya bayan ɗaya, ban karanta ko ɗaya ba. Sai ji na yi an watsa mini wani abu mai ɗumi daga goshi har ƙirji.

Ba yawu ba ne. Lama na tuƙa kamar saniya, cikinta ɗaki uku ne, kuma in ranta ya ɓaci sosai daga can tumbi take janyo ciyawar da ta fara narkewa. Kore ne shar, mai tsami, warinsa kamar ka buɗe cikin akuya ranar Layya ka sa fuska. Ya shiga mini hanci, ya shiga gemu. Abokan tafiya suka yi ta dariya har wani ya zauna a ƙasa. Daga baya ɗan jagora ya gaya mini yawanci junansu suke tofa wa, kan abinci ko kan girma, kuma ba kasafai lamar da aka yi wa tarbiyya mai kyau ke tofa wa mutum ba. Sai an kai ta bango.

Dattijon ya dawo bai ce mini uffan ba, kuma wannan shirun ya fi mini zafi da a ce ya zage ni. Ya kwance igiyar, ya zaro ledar gwangwanayen, ya ɗaga ta sama kowa ya gani, ya ajiye a gaban ƙafata. Ya shafa bayan dabbar a hankali yana laluben inda igiya ta ci, ya sake daidaita buhun, ya ja da baya ya yi wani ɗan fito. Bai taɓa kansa ba sam, don ba sa son hannu a fuska ko kunne ko ƙafa. Farin ya miƙe da kansa ya bi sawun 'yan'uwansa da sauri, don lama dabbar garke ce, ba ta jure a bar ta ita kaɗai. Da na sani, ko ba don komai ba da na kira mai ita tun da ta fara gunaguni. Matambayi ba ya ɓata, amma ni ina jin kunyar a ce ɗan gidan masu jakuna ya tambayi yadda ake tayar da dabba.

Gwangwanayen kuwa a bayana suka ƙarasa tafiyar, kuma a nan na biya bashin. Kusko kanta tana kan tudun da ya kai mita 3,400, mashigar da za mu ƙetare kuma ta haura mita 4,000, inda iskar da mutum ke samu a kowane numfashi ba ta fi kashi sittin cikin ɗari na abin da zai samu a bakin teku ba. Jinin lama an halicce shi don wannan, yana kama iska fiye da namu. Nawa jinin na Sahel ne. Kafin azahar kaina na sarawa kamar ana daka a ciki, zuciya na tashi, taku goma sai in tsaya in dafa gwiwa. Mutanen can suna kiran ciwon nan soroce. Kada wani saurayi a cikinku ya ce shi ɗan ƙwallo ne ko manomi don haka ba zai kama shi ba, ba ruwansa da ƙarfi. A kwana biyu ko uku a gari mai tudu kafin a fara hawa, a sha ruwa da yawa, a tafi a hankali, in kuma abin ya yi tsanani a sauka ƙasa, babu jarumta a ciki.

Da dare a zango, sanyi ya sauko har ruwan butata ya yi ƙanƙara a sama, na yi alwala ina karkarwa. Dattijon ya hura wuta da busasshen kashin lama, kamar yadda ake yi da kashin shanu a wasu ƙauyukanmu, kuma tattara shi ba wuya don duk garken wuri ɗaya suke yi. Ya miƙo mini shayin ganye mai zafi, har yanzu bai ɗaga maganar ba. Ni na ɗaga ta. Na ce wa ɗan jagora ya ce wa Baba ya yafe mini, na ci amanarsa na kuma zalunci dabbarsa. Ya yi 'yar dariya ya amsa da gajeruwar magana, wai ba shi na yi wa ba.

Daga nan hira ta buɗe. Da aka gaya masa a ƙasarmu akwai ayarin raƙuma da ke ratsa hamadar Tenere zuwa Bilma ɗauko gishiri a sayar a sayi gero, sai ya gyara zama. Su ma suna da irinsa: a Bolibiya ayarin lamomi kan ɗauko gishiri daga filin Uyuni su gangara kwaruruka, tafiyar makonni, su musanya shi da masara, ko da yake motoci sun cinye yawancin wannan fatauci yanzu. Har kilishinsu suna da shi, naman lama da ake shanyawa da gishiri, suna ce masa carki. Ya kamo ƙafar ɗaya daga cikin dabbobin da suka saba da shi sosai ya nuna mini tafinta da tocila: yatsu biyu, kowanne da farce a gaba, ƙasan kuma fata ce mai taushi kamar ta raƙumi, ba kofato ba. Shi ya sa ba a yi musu takalmin ƙarfe, kuma ba sa farfasa hanya yadda alfadari ke yi. Don wannan dalilin ma a Amurka akwai wani masauki a kan dutsen Le Conte, a jihar Tennessee, da lamomi ke kai wa kayan abinci sau uku a mako. Abincinsu kuma bai zama kaya ba, busasshiyar ciyawar dutse da ko akuya za ta yi wa kallon raini ita suke ci su ƙoshi.

Washegari na tashi kafin kowa na tsaya kusa da shi yana ɗaurin kaya, hannuwana a aljihu. Can sai ya miƙo mini wani buhu ya yi mini alama in ɗaga. Na riƙe a tsakiya na ɗaga, na ce dama ta fi nauyi. Ya karɓa, ya rufe ido, ya cire cokula daga hagu ya mayar dama.

A rana ta uku muka gangaro garin Lares, inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Sauran suka faɗa wanka, ni kuma na zauna a gefe da sabulu ina dirzar rigar sanyina, sau uku, warin bai fita ba. Gwangwani biyu kawai na ci a duk tafiyar, don kifin rafi da dankali aka yi ta dafa mana. Goman da suka rage na ba dattijon, ya zuba su a buhu, biyar nan biyar can, ya ɗora wa farin.