Warin mai da fitilar inji: gano inda tururin mai ke zurarewa

Motocin da ake shigowa da su Damagaram daga Amurka, Corolla ce, Camry ko RAV4, yawancinsu suna da tsarin da ke hana tururin mai fita sararin sama, wanda ake kira EVAP. Tururin da ke tashi daga tanki yana bin tiyo zuwa wani akwatin roba cike da gawayi, yawanci ƙarƙashin mota kusa da tanki. Gawayin ya riƙe shi. In inji ya yi zafi ana tafiya, kwamfutar mota ta buɗe bawul ɗin da ke gaba kusa da inji, a zuƙe tururin a ƙone shi. Akwai bawul na biyu a jikin akwatin gawayin, shi ne ke shigar da iska. Na gaba a rufe yake in ba wuta, na baya kuma a buɗe. Wanda bai riƙe wannan bambanci ba zai sha wahalar banza wajen gwaji.

Tun 1996 motocin Amurka ke ɗauke da OBD-II, wato tsarin da kwamfutar mota ke gano matsala da kanta, kuma suna gwada kansu ko akwai ɓula. In an samu, sai fitilar inji ta kama, kwamfutar ta ajiye lambar matsala da ake karantawa da na'urar duba mota. P0455 babbar ɓula ce, P0442 ƙarama kamar milimita 1, P0456 kuma wajen rabin milimita. P0441 na nuni ga zuƙar bawul ɗin gaba, P0446 ga hanyar iskar baya. Lambar ba ta ce ga kayan da ya mutu ba, ta ce dai tsarin bai riƙe iska ba. Motocin Turai da yawa ba sa wannan gwajin ɓula, sai ka ji wari yana tashi fitila kuwa shiru.

A fara da murfin tanki. A juya shi a duba zoben robar da ke ciki: zafin watan Afrilu da Mayu yana busar da shi har ya yi tsage-tsage kamar diddige a hunturu. A goge bakin tankin, don rairayi ƙwaya biyu ya isa ya hana zoben zama. In an sayi sabo a nemi na wannan motar. Murfin da ya shiga kawai ba tare da ya matse ba, kuɗi ne aka zubar.

Daga nan sai bawul ɗin gaba. A cire masa fulogin wuta, a zare tiyon da ke zuwa daga tanki, a ta da inji, a ɗora yatsa a bakin bawul ɗin. Bai kamata a ji zuƙa ko kaɗan ba. In yana jan yatsa, ya maƙale a buɗe. A kashe inji, a ba shi wutar batir bolt 12, za a ji ƙas in yana aiki. Alamarsa a hanya sananniya ce: mota ta ƙi tashi ko ta yi ta tari daidai lokacin da aka gama shan mai, saboda tururi ya cika inji.

Ƙaramar ɓula ido ba ya ganinta, sai da hayaƙi. Ana rufe bawul ɗin baya da na'urar duba mota ko da wutar batir, sannan a tura hayaƙin ta tiyon da aka zare, da ƙarfin da bai wuce rabin psi ba, wato wajen miliba 35. Kada a kuskura a sa kwamfaresar taya, za ta kashe na'urar awon iska da ke kan tanki, ta kuma ɓula inda yake lafiya. A yi aikin a fili cikin inuwa, ba taba, ba walda a kusa. In ba injin hayaƙi, famfon hannu da ruwan sabulu suna yi, sai dai da haƙuri. A bi da tocila daga wuyan tanki zuwa mahaɗar kowane tiyo, a duba jikin akwatin gawayi ko dutse ya fasa shi. Wurin da aka fi mantawa shi ne ƙarƙashin kujerar baya, inda famfon mai ke zaune kan tanki. In an taɓa sauya famfo aka mayar da tsohon zoben robarsa, ko ya karkace wajen ɗaurewa, hayaƙin daga nan zai fito.

A ganina abu biyu ke kashe wannan tsari a nan fiye da tsufa. Na farko ƙura. Motar da ke bin hanyoyin jar ƙasa na ƙauyukan Mirriya ko Magarya tana shaƙar ƙura ta bawul ɗin baya har ya toshe ko ya kasa rufuwa sosai. In ya toshe, bututun gidan mai ya dinga yankewa tun tanki bai kai rabi ba. Sau da yawa cire shi a busa a sauya matatar iskarsa ya wadatar. Na biyu shi ne a ce wa mai sayar da mai ya ƙara bayan bututu ya tsaya da kansa, ko a yi ta girgiza mota ana ɗura kwalba har mai ya leƙo. Ruwan mai ya gangara cikin gawayi ya jiƙa shi, gawayin ya farfashe, ɓarɓashinsa ya bi tiyo ya maƙale a bawul ɗin gaba. In ka ga baƙaƙen ƙwayoyi a tiyon, sauya bawul kaɗai ba zai kai ko'ina ba. Akwatin za a canza, a hure layin gaba ɗaya.

Tiyon da ya tsage a sa na mai mai faɗi ɗaya, ba na ruwa ba, kuma ba a like shi da gam.

Bayan gyara a goge lambar, amma mutuwar fitila ba shaida ba ce tukuna. Kwamfuta ba ta sake gwajin sai mai yana tsakanin kashi 15 da 85 cikin ɗari na tanki, inji kuma ya kwana ya huce, kuma motoci da yawa ba sa yi in zafin gari ya haura digiri 35. Da bazara sai a tashi da ita da asuba kwana biyu ko uku a jere, tanki rabi. Toyota da yawa daga wajen 2005 suna yin nasu gwajin kamar awa 5 bayan an cire makulli, da ɗan famfo a jikin akwatin gawayi. Gurnanin da ake ji ƙarƙashin mota da dare shi ne. Sai na'ura ta nuna gwajin EVAP ya kammala ba lamba, sannan a ce an gama.