Fankar da Na Kusa Sayar wa 'Yan Gwangwan

A tsakiyar watan Afrilu, lokacin da zafin Birnin Kebbi yake haura digiri 40 kuma iskar dare take zama kamar hucin murhu, fankar ɗakinmu ta ƙi juyawa. Idan an kunna ta sai ta riƙa gurnani alhali fukafukanta suna tsaye, sai an sa tsinke an tura su sannan ta fara tafiya a kasalance. Na riga na ƙudurta miƙa ta ga 'yan gwangwan in sayi sabuwa, amma da na shiga kasuwa na taya, na tuna cewa tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kayan lantarki sun daina zama abin da mai albashi zai saya cikin fushi.

Haka na ɗauke ta zuwa rumfar wani dattijo mai gyara a bakin titinmu. Bai yi gaggawa ba. Ya kwance murfin baya, ya kai hancinsa kusa da naɗin wayar ya shinshina, sannan ya juya sandar tsakiya da yatsunsa biyu yana saurare. Ya ɗago ya ce, "Malam, fankar ga ba ta ƙone ba, kafasita ce ta gaji." Na ce, "Baba, mece ce kuma kafasita?" Sai ya ciro wani ɗan baƙin abu da bai kai akwatin ashana ba, ya bayyana mini cewa shi ne yake ba injin ƙarfin tashi daga tsaye, kuma idan ya raunana, aikinsa ne tsinken nan nawa yake yi. Ya sauya shi, ya goge ƙurar hunturun da ta daskare, ya ɗiga mai a bushin, wato inda sandar tsakiya take juyawa, fanka ta tashi da ƙarfinta. Kuɗin da na biya bai kai kashi ɗaya cikin goma na farashin sabuwa ba. Kafin in tafi ya nuna mini cewa naɗin tawa na jan ƙarfe ne, alhali da yawa daga cikin masu araha na yanzu da alminiyam ake naɗa su, shi ya sa ba sa jure dogon aiki a zafi irin namu.

A hanyar komawa gida mahaifiyata ce ta faɗo mini a rai. Tana da wata babbar ƙwarya ta dama fura wadda ta tsage tun muna yara, gyartai ya huda gefen tsagar da basilla ya ɗinke ta ɗinki mai kyau, har ta ci gaba da aiki shekara da shekaru. Ba wanda ya taɓa kallon wannan ɗinki a matsayin alamar talauci. Masuntan Argungu ma, waɗanda bikinsu na kamun kifi ya samo asali tun 1934, ba sa jefar da homa don ta yage. Zama suke yi a inuwa su ƙulle ta ido bayan ido. Robar da ta cika gidajenmu ce ta koya mana cewa abin da ya fashe ya gama yawo, daga nan kuma muka fara yi wa rediyo da tocila da kujera irin wannan hukunci, ko da ciwonsu ƙarami ne.

Abin da ya fi damuna shi ne, duk lokacin da muka zaɓi sabo a kan gyara, kuɗin yana bin hanyar Legas zuwa ƙasar da aka ƙera kayan, ilimin dattijon nan kuma yana rasa magaji, domin yaro ba ya zama koyon sana'ar da babu ciniki a cikinta.

Sai dai ba kowane gyara nake goyon baya ba. Tukunyar girki da aka liƙe da dalma haɗari ce, kuma wanda ya tuna yadda gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, ko da yake daga haƙar zinariya ta fito, ba zai yarda wannan ƙarfe ya kusanci abincinsa ba. Haka nan wayar wuta da aka ɗaure da leda, gobara take jira.

Fankar dai tana nan tana juyawa a kaina yanzu da nake wannan rubutu. Uwargida kuma ta riga ta fito da tsohon keken ɗinkinta daga ƙarƙashin gado, ta ce in tambayi Baba ko ya san mai duba shi.