Kafin ka sa a turo maka kokwambar teku

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Yalwa ya haɗa akwatin kifi na ruwan gishiri, ƙarami mai cin lita 100, ko wata guda bai yi da zuba ruwa ba. Ya miƙo mini waya ya ce, "Kawu, duba abin da zan sa a turo mini daga Legas." Kokwambar teku (wata halitta mai siffar kokwamba da ke rarrafe a yashi), tauraron teku mai tonon yashi, zomon teku (wani dangin katantanwa mai taushin jiki), da tulin ƙananan ƙaguwa masu shiga kwanson katantanwa. Wai su ne za su riƙa share masa akwatin. Na tambaye shi abin da kowannensu yake ci, ya ce datti. Gabana ya faɗi, domin amsar da na ba kaina ke nan a lokacina.

Ni a Legas na fara ganin akwatin murjani, wato halittun teku masu rai da ke girma a jikin duwatsu, lokacin da aiki ya kai ni. Na dawo Bauchi abin na cin raina, sai da na haɗa nawa a falo. Da fari wata ƙasa-ƙasar gansakuka ta rufe yashi da gilashi, daga baya koriya mai kama da gashi ta mamaye duwatsu. Mai sayarwa ya ce in saka katantanwa ɗaya ga kowane galan, wato kusan lita 4, in ƙara da waɗansu halittu na musamman. Na biya ban yi gardama ba.

Nakan ce ba laifina ba ne, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Tsakaninmu da teku ɗaruruwan kilomita ne. Mun tashi mun san tarwaɗa da karfasa, ba mu san abin da ke rarrafe a ƙasan teku ba, kuma a lokacin babu wanda zan je wurinsa ya duba mini ruwa. Amma idan na zauna ni kaɗai na san ba shara kawai na saya ba. So nake baƙo ya shigo ya tsaya ya ce, "Alhaji, wannan kuma mene ne?" Shi ya sa ban tsaya ga katantanwa mai arha ba, na zaɓi abin da ya fi ban mamaki.

Zomon teku, wanda ake kira Dolabella, ya yi aikinsa sosai. Ya cinye koriyar gansakukar nan tas, har na riƙa yabon kaina. Daga nan babu sauran abin da zai ci, ya riƙa yawo a gilashi yana ƙanƙancewa har ya mutu. Tauraron yashi kuwa na ɗauka datti yake tacewa, ashe ƙananan halittun da ke raya yashin yake cinyewa, waɗanda su ne masu sharar gaske. Da ya ƙarar da su sai ƙafafunsa suka fara narkewa. Ƙaguwan suka koma kan katantanwa, suna kashe su don su gaji kwansonsu, musamman irin Astraea, wadda idan ta faɗo ta baya a kan yashi ba ta iya juyawa. Ina ganin kwanso babu kowa a ciki ina cewa ajali ne. Yunwa ce, kuma ni na jawo ta. Kamar ka ɗaure akuya a tsakar gida ne don ta cinye ciyawa, ba ka tanadi harawa ba don ranar da ciyawar za ta ƙare.

Wadda ta ƙarasa komai ita ce kokwambar. A watan Afrilu ne, lokacin da zafin Bauchi kan kai digiri 40. Murjani yana son ruwa tsakanin digiri 24 da 26, nawa ya wuce 30. Aka ɗauke wuta da dare, famfon da ke juya ruwa ya tsaya, iska ta yi ƙaranci a ciki. Kokwambar ta bar yashi ta hau gilashi ta manne a bakin famfon, da wuta ta dawo ya ja ta. Da yawa daga cikin irinta suna ɗauke da guba mai suna holoturin, wadda ke fita idan sun ji rauni. Da asuba kifayen duk sun mutu. Ruɓarsu ta lalata ruwan, murjanin ya yi fari ya bi su. Har yau nakan ɗora wa masu wuta laifi, amma ai na san halin wutarmu tun kafin in sayi gilashin. Kuɗin da na kashe a kan kokwamba da tauraro da ya sayi batir.

Kada wani ya ɗauka ina cewa waɗannan halittu ba su da amfani. A shekarun 1983 da 1984 wata cuta ta kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na baƙar bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi, Diadema, a tekun Karebiyan, kuma bayan haka gansakuka ta lulluɓe murjani a wurare irin Jamaika. Aikinsu babba ne. Sai dai a teku makiyayarsu ba ta da iyaka, a falonka kuwa taku biyu ce.

Na zauna da niyyar rubuta muku shawarwari masu yawa, amma ku yaran yanzu wa zai karanta? Kun ga bidiyon minti ɗaya a TikTok, akwati na ƙyalli a ƙasar da ba a ɗauke wuta, shi ke nan kun zama gwanaye. Ba wanda ke nuna muku bokitin gawa.

Kada ka sayi komai sai akwatin ya nuna. Makonni 4 zuwa 6 na farko na ƙwayoyin halittar da ke sarrafa amoniya ne, wato gubar da ke fitowa daga kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci, kuma ƙasa-ƙasar gansakukar nan takan wuce da kanta. Idan lokaci ya yi, katantanwar Trochus kaɗan ta isa, tana cin gansakuka kuma tana iya juya kanta idan ta faɗi. Nassarius ba ta cin gansakuka, ragowar abincin kifi take bi, saboda haka ba ta da aiki a akwatin da babu kifi. Ƙara ɗaya-ɗaya idan ka ga abinci ya fi ƙarfinsu. Kokwamba kuwa a'a, ko kyauta aka ba ka.

Ruwa ya fi su duka muhimmanci. Ba ruwan rijiya ba, ba na famfo kai tsaye ba, sai wanda injin tace ruwa da ake kira RO ya tace, a haɗa da gishirin teku na musamman, giram 35 a lita. Gishiri ba ya bin tururi, don haka da hunturu, lokacin da ruwa ke saurin ƙafewa, da tataccen ruwa marar gishiri za ka cika. Maganin kifi mai jan ƙarfe yana kashe duk wani marar ƙashin baya. Abin da ya kwana a hanya daga Legas kuma ba a juye shi haka nan, ɗigo-ɗigo ake saba masa da ruwanka.

Gaskiya idan ba ka da sola ko inbata, ka bar ruwan gishiri, ka yi kiwon kifin ruwan daɗi. Na faɗa, amma na san da an gaya mini haka ba zan ji ba, kuma ba zan iya cewa murjani bai cancanci wahalar ba. Na ma ce a guji abin ban mamaki, alhali a akwatina na yanzu akwai ƙaramar bushiyar teku, Mespilia, mai ɗora tsakuwa a bayanta, kuma ba na jin zan rabu da ita. Bambancin kawai shi ne idan duwatsu sun yi fes ina saka mata busasshen ganyen teku. Sauran sharar da hannuna nake yi, da buroshi da tiyo, ina canza kashi 10 cikin 100 na ruwan duk mako. Wannan ne aikin da kuke gudu, shi ya sa kuke neman wata halitta ta yi muku.

Wanda ya nace sai ya sayi zomon teku saboda gansakuka ta fi ƙarfinsa, to ya fara samun mai wani akwatin da zai karɓe shi idan ya gama. In babu, ya tsige gansakukar da yatsunsa, ya rage hasken fitila da abincin da yake zuba wa kifi.