Eriya ɗaya ko biyu: kada ido ya zaɓar maka

Ƙannena masu koyon wayarin mota, da ku yaran manyan motoci da ke jiran ranar karɓar sitiyari, duk ranar da maigidanku ya sayo rediyon CB, irin wanda muke haɗa su duka mu ce oba-oba, gardamar farko a kan eriya za a yi ta. Kusan kowa biyu zai ce, domin hotunan tirelolin Amurka da muke gani a waya ga eriya dama ga eriya hagu, mota ta yi kwarjini. Ni ma abin da ya ruɗe ni ke nan.

A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Jibiya, Batsari, Dutsin-Ma, Malumfashi da Funtuwa. Direba ya bar gari, ba labarinsa sai ya dawo. A lokacin ne wani mai motoci ya kawo mini rediyo shagona, ya ce in ɗaura wa motocinsa don su riƙa jin juna idan suna tafe a jere. Ban taɓa yi ba, ban kuma gaya masa haka ba. Na ɗauka tamkar rediyon jin labarai ne.

Na fara da motar Canter. Na kafa eriya biyu a ƙarafunan madubi, na yanko waya irin ta eriya ɗaya, na haɗa su da mahaɗi mai baki uku, ɗaya wayar ma ta fi ɗaya tsawo saboda ta zagaya bayan kujera. Rediyo ya kama, muna ta murna. Mota ba ta wuce Batagarawa ba murya ta ɓace. Bayan ɗan lokaci akwatin ya daina aikawa gaba ɗaya: yana ji, ba a jin sa. Ni na ƙona shi, kuma direban da ya dogara da aikina ya yi tafiye-tafiye a hanya mai haɗari yana zaton yana da abin kiran taimako. Wannan shi ne ya fi damuna har yau.

Ga abin da na gane daga baya. Rediyon CB yana aiki a kan megahaz 27, tsawon zangonsa, wato tsawon igiya guda ta siginar da yake watsawa, kusan mita 11. An gina akwatin rediyon ne ya ga nauyin om 50 (om ma'aunin turjiyar lantarki ne) a bakin wayarsa, kuma eriya ɗaya da waya samfurin RG-58 ko RG-8X abin da suke ba shi ke nan. Da ka jona eriya biyu kai tsaye da irin wannan waya, nauyin ya koma wajen om 25. Wani kaso na ƙarfin da akwatin ya tura sai ya dawo masa, ya zama zafi a cikinsa. Shi ya sa eriya biyu ke da wayarsu ta musamman mai om 75, samfurin RG-59, mai reshe biyu da tsawonsu ya zo daidai da juna. Kamar shanun huɗa suke: in ɗaya ya riga ɗaya, kunya ta karkace. Ba a rage wa wannan waya ko taƙi ɗaya.

Sai tazara, wadda ban ma san ana maganarta ba. Eriya biyu suna son a raba su da aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na zango, wato wajen mita 2.7. Babbar tirela daga madubi zuwa madubi takan kusanci haka. Canter da Hilux ba su kai ba, sai eriyoyin su riƙa dagula wa juna. Ko a tirelar ma ƙarin ƙarfin kaɗan ne, don cikakken amfaninsu sai tazara ta kai rabin zango, mita biyar da rabi, kuma babu motar da ke da wannan faɗin.

Ba ina cewa biyu ba su da rana ba. In an kafa su daidai, sukan tattara murya su miƙa ta gaba da baya, su rage ta gefe. Direban da ke bin miƙaƙƙiyar hanya, Katsina zuwa Kano ko Daura zuwa Kongolam, abokan tafiyarsa na gabansa ko bayansa, zai ji daɗinsu. Sukan kuma rage matsalar dogon bodi ko tanki da ke tare wa eriya ɗaya gefe guda. Amma wanda ke shiga ƙauyuka ɗaukar hatsi ranar kasuwa, yau gareji na damansa gobe na hagunsa, eriya ɗaya mai watsawa ko'ina ta fi masa.

Shawarata, fara da ɗaya, mai tsawo gwargwadon abin da gada da wayoyin lantarki za su bari. Cikakkiyar eriyar CB inci 102 ce, wajen mita 2.6, gajerun da ake sayarwa naɗe waya aka yi a jikinsu don cike gurbin, kuma duk gajarta da asararta. Ka tabbata naɗin nan ya ɗara rufin mota. Kankare fenti da tsatsa inda maƙalin zai zauna, domin jikin motar shi ne rabin eriyar.

Kada ka danna maɓallin magana ka daɗe kafin ka auna da na'urar SWR, wadda ke nuna yawan ƙarfin da ke dawowa. Kai motar fili, nesa da gini da sauran motoci, a rufe ƙofofi. Auna a tasha ta 1 da ta 40, wato ta farko da ta ƙarshe a akwatin. In lambar ta fi yawa a ta 40, eriya ta yi tsawo, rage ta kaɗan-kaɗan. In ta fi a ta 1, ƙara mata. Ƙasa da 1.5 ya yi kyau, 2 ana lallaɓawa, in ta kai 3 kashe akwatin ka nemi inda matsala take. Eriya biyu kuwa tare ake gyara su, abin da ka rage wa ta dama ka rage wa ta hagu.

Kafin duk wannan, ka sa maigida ya tuntuɓi hukumar NCC, mai kula da zangon sadarwa a Najeriya, kan izinin amfani da rediyon. A yanayin tsaron da muke ciki, jami'in da ya ga oba-oba a mota a shingen bincike zai yi tambaya, kuma yana da gaskiya. Takardar ta zauna a cikin motar tare da sauran takardunta, direba kuma ya san inda take.