Hanyar Illela da sitiyarin da ya karkace

Ranar Lahadi kasuwar Illela ke ci, shi ya sa muka baro Sakkwato tun da sanyin safiya, ni da Kawu, zai sayo raguna. Tafiyar kusan kilomita 85 ce. Muka haye gulbin Rima, fadama shar da albasa, muka wuce Kware hazo bai gama washewa ba.

Dab da Gwadabawa wata a-kori-kura maƙare da buhuna ta fito daga hanyar gona ta hau kwalta. Na taka birki, amma sai da ƙugunta ya daki tayarmu ta gaba ta dama. Allah ya kiyaye, ko ƙwarzane babu wanda ya yi. Aka taru, aka ba da haƙuri. Abin da ido ya gani bai wuce fitila ɗaya da lotsewar bamba ba, kowa na cewa mota lafiya lau.

Da muka tashi ne hannuna ya ji abin da ido bai gani ba. Mota na tafiya miƙe, amma sitiyari ya kwanta gefe, kuma da na ɗan sassauta riƙo sai ta ja dama. Na ce, "Kawu, mu nemi mai aikin ƙafar mota." Ya ce kasuwa za ta watse, amma bai hana ba.

Bakaniken da muka samu dattijo ne, a ƙarƙashin darbejiya. Bai ko kalli bamba ba. Ya sa na kashe injin, na riƙa kaɗa sitiyari a hankali, shi kuwa ya durƙusa yana kallon ko taya na amsawa nan take. Sannan ya ɗaga motar da jak, ya kama tayar ta gefe da gefe ya jijjiga. Ƙwas, ƙwas. Ya ce tayarod ke nan, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya. Ya sake kama ta sama da ƙasa, inda bol-joyin (gaɓar da taya ke juyawa a kanta) ko boris ke tona asirin kansu, nan shiru. Ya leƙa ƙasa da fitilar waya: robar da ke rufe bakin rak, wato ƙarfen da ke tura tayarod in an murza sitiyari, ta yage, man sitiyari na tsattsafowa, ƙarfen tayarod ɗin kuma ya ɗan lanƙwashe.

Abin da ya fi burge ni igiya ce. Ya auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa ta baya a hagu, ya ƙulla alama, ya zagayo dama. Dama ta gaza da kusan yatsa biyu. Wato dukan ya tura tayar gaban zuwa baya, hannun da ke riƙe da ita ma ya lanƙwashe.

Wani matashi ya ce a sa wuta a miƙe ƙarfen, a yi alaimen, wato saitin taya, mu kama hanya. Dattijon ya dubi Kawu ya ce, "Alhaji, motag ga ba ta hawa titi yau. Ƙarhen da ya sha wuta ba ni sa mai hannu."

Gaskiyarsa. Ƙarfen da ya lanƙwashe aka gasa aka miƙe ya riga ya rasa ƙarfinsa, wani lokaci da tsagar da ba a gani. Alaimen kuwa saita taya kawai yake yi, yana iya ɓoye matsalar, ba ya warkar da ita. In tayarod ta tsinke, tayar ta daina jin sitiyari ke nan, kuma motar da ke gudun kilomita 100 tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, a hanyar da tireloli da raƙuma da 'yan babur ke bi. Yana ci mini rai yadda muke rige-rigen kai mota wurin mai fenti bayan karo, ƙafa kuwa sai ta yi kuka.

Kawu ya shiga motar haya ya ƙarasa Illela. Ni na koma Sakkwato, na sayo tayarod da hannun ƙafa da robar rak a Buzaye. Da la'asar aka ɗaura, dattijon ya sake auna igiyarsa, ɓangarorin biyu suka zo daidai. Ya ce in tafi a hankali, in na shiga gari in fara kai ta alaimen, a kuma sa ido kan man sitiyari, in ya ci gaba da raguwa to rak ɗin ma sai an sauke shi.