Gizo-gizon da nake kiwo a Jamus

Masu tambayata wai wace sana'a nake a Jamus, to gizo-gizo nake kiwo ina sayarwa, babban nan mai gashi da ake kira tarantula, kuma wallahi ina alfahari da ita.

Wajen wani dattijo Bajamushe na koya, maƙwabcina ne. Ranar farko na tarar da wata kwance ta yi rigingine ƙafafu sama, na ce masa ai ta mutu, na kai hannu ya riƙe ni, ashe saɓa take kamar yadda maciji ke yi. Shi ya koya min bayan saɓa ba a ba ta abinci sai an yi sati ɗaya ko biyu don fiƙarta ba ta yi ƙwari ba, gyare ɗaya in ka manta shi a ciki zai iya ji mata ciwo.

Masu zama a ƙasa kawai nake ajiyewa, masu sanyin hali, irin su Grammostola pulchra baƙa wuluk 'yar Brazil, da Brachypelma hamorii mai jan gwiwa 'yar Meziko. Namu na Afirka ta Yamma, kamar Stromatopelma da ke zama a bishiyar kwakwar manja, ga sauri ga dafi, ba na sabon shiga ba ne. Akwatin da hannuna nake haɗawa, mai faɗi, ban yarda da mai tsayi ba, don in ta hau ta faɗo cikinta fashewa yake shikenan. Garin bawon kwakwa a ƙasa da kauri yadda za ta yi rami, ɓawon itace na ɓuya, ɗan faranti na ruwa. Gyare ko kyankyaso sau ɗaya a sati, wani lokacin ta yi watanni ba ta ci ba kuma lafiyarta ƙalau. Kuma dan Allah a rage ɗauka a hannu, gashin cikinta take kaɗowa, ƙaiƙayi gare shi, in ya shiga ido kuwa sai asibiti.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya masu arhar banza ne. Su sayar maka da namiji su ce mace ce, alhali mace tana wuce shekara 20, namiji kuwa da ya balaga da wuya ya ƙara biyu. Ni sai na jiƙa saɓar na buɗe ta a ƙarƙashin madubin ƙara girma na gani da idona kafin na ce mace. Sai kwastoma ya zo yana cewa a kasuwar macizai da gizo-gizo ta garin Hamm a nan Jamus ya ga rabin kuɗina! To da takarda ya gani? Brachypelma duk suna ƙarƙashin dokar CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun dajin da ake tsoron ƙarewarsu, nawa kowacce a ɗakina aka ƙyanƙyashe ta, da shaidarta, har ranakun saɓarta a rubuce nake miƙa wa mai saye.